Kafin a ɗaure sabon inji a kan shasi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga wanda ya haɗa motarsa da hannunsa a nan Gadarif ta ƙasar Sudan kuma yake shirin sauya mata inji, shawarata ita ce kada ya yi waldar ƙafafun da injin zai zauna a kansu sai ya rataye shi da sarƙa, haɗe da giyabos, ya saukar da shi a hankali har ya ga inda kowane ƙarfe ya faɗa. Ni na yi gaggawa lokacin da na cire injin fetur na Toyota 22R na sa na dizal samfurin 5L, sai na tarar kaskon baƙin mai yana gogar ƙarfen sitiyari, dole na yanke waldar da na yi da safe.

A bar tazarar da yatsu biyu za su shiga tsakanin kaskon da duk wani ƙarfe, domin inji yana girgiza a kan robarsa, musamman a hanyar gona bayan damina, inda laka ta bushe ta zama kunya-kunya. Injin dizal ya fi na fetur nauyi, saboda haka a duba safirin na gaba da burki, a kuma nemi batiri mai ƙarfi.

Lagireto kuwa kada a yi masa rowa. Ƙaramin da aka gada daga tsohon inji ba zai jure zafin watan Afrilu ba. Sannan a kai lambar sabon injin ofishin 'yan sandan hanya a gyara takardu kafin a hau titin Kasala.