Yadda ake mayar da hoton takarda ya zama tekscha a wasan kwamfuta

Idan ka taɓa tsayawa a cikin wasa kana karanta wasiƙar da aka bari a kan tebur, ko sanarwar da aka manna a bango, to tekscha kake kallo. Ita ce hoton da ake lulluɓe abu da shi, kamar yadda ake sa wa kujera riga. Mai son saka fom ko wasiƙa a wasansa, abin da zai fi ba shi wahala shi ne rubutu, domin shi ne yake fara lalacewa.

Fara da samun kwafi mai tsabta. Idan takardar PDF ce, buɗe ta a GIMP, manhajar da ake saukewa kyauta, ka zaɓi ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 za ta fito da faɗin fiksal (ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto) 2480 da tsawon 3508. Idan akwai sunan wani, lambar wayarsa ko sa hannunsa, goge su ka sa na ƙirƙira.

Sai girma. Injinan wasa da yawa, wato manhajojin da ake gina wasa da su, musamman tsofaffi, suna son tekscha mai girman fiksal 512, 1024 ko 2048. Takarda kuwa doguwa ce. Kada ka ja ta da ƙarfi don ta cika murabba'i, haruffa za su kumbura kamar an taka su. Rage tsawonta zuwa 2048, faɗin zai koma 1448, sannan ka buɗa filin hoton ya zama 2048 ta kowane ɓangare, ka bar gefen babu komai. Idan kuwa wata tekscha ce da ke cikin wasan za ka musanya, buɗe ta asalin tukuna. Girmanta, sunanta da gurbin da takardar ta zauna a ciki, duk ka kwaikwaya daidai, ka kuma ajiye kwafinta a gefe.

Ni ban yarda a bar takarda fara fat ba. Da hasken wasa ya sauka a kanta sai ta riƙa ƙyalli har ta kashe ido. Ka ɗan dusashe farin, ka sa alamar ninki ɗaya ko biyu, nan take za ta zauna a wurinta.

Yanzu fitarwa, kuma a nan ake yin ɓarna. Injinan wasa irin su Unity, Unreal da Godot suna karɓar hoto a tsarin PNG, su matse shi da kansu don rage girman fayil. Wasanni da dama kuwa DDS suke nema, tsarin kamfanin Microsoft, wanda GIMP yake iya fitarwa tun sigar 2.10.10. Zai tambaye ka irin matsin da kake so. BC1, wanda ake kira DXT1, yana yanka hoto gida-gida, fiksal huɗu a huɗu, ya ajiye launi biyu kacal a kowane gida, ya ƙirƙiro na tsakani. Hoton da ya kai megabait 16 sai ya koma 2, amma ka matso da hoton ka duba ƙananan haruffa, za ka ga bakinsu ya yi dabbare-dabbare. BC3 yana riƙe gefen nan da ka bari a buɗe da kyau, girmansa megabait 4. BC7 ma 4 ne, kuma ya fi su fitar da rubutu sarai, sai dai tsofaffin wasanni ba sa gane shi. Ana samun sa a manhajar Paint.NET ko ta texconv.

Kada ka manta da zaɓin "Generate mipmaps". Ƙananan kwafi ne na hoton, kowanne rabin na gabansa a faɗi da tsawo, wasa yana ɗaukar su idan ɗan wasa ya yi nisa. Suna ƙara kashi ɗaya bisa uku na girman fayil, amma in babu su, layukan rubutu za su riƙa rawa daga nesa.

Saka fayil ɗin a gurbinsa, ka kunna wasan. Matsa kusa ka karanta layi mafi ƙanƙanta, sannan ka ja da baya a hankali. Idan takardar ta fito a kife, juya ta sama zuwa ƙasa a GIMP ka sake fitarwa. Idan rubutun bai karantu ba, koma kan takardar ka ƙara wa haruffan girma da kauri, hakan ya fi ninka girman tekschar sauƙi.