Darasi na Bakwai: Kuɗin da Ke Fita ta Salansar Janareta

Duk mai shago ya san ƙarar janareta, ya kuma san warin hayaƙinsa. Abin da ba kowa ne ya zauna ya lissafa ba shi ne yawan ribar da wannan hayaƙi yake ɗauke masa. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu, kuma tela da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi duk sun ji a jikinsu. A Afrilun 2024 hukumar kula da harkar wutar lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wuta na masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kowane yunit. Saboda haka mai sana'ar da yake ɓarnar mai ko wuta, uwar kuɗinsa yake ƙonawa sannu a hankali.

Me ke cikin hayaƙin?

Akwai iska iri biyu da ya kamata ku bambance. Ta farko sunanta kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma tana kashe mutum yana barci. Ita ce dalilin da ya sa ba a kunna janareta a cikin shago, ko a zaure, ko a ƙarƙashin taga, ko da ruwan sama ake yi. A ajiye shi a fili, bakin salansa na kallon inda ba kowa.

Ta biyu sunanta kabon dayoksaid. Ita ba ta kashe mutum a bakin shago, amma tana taruwa a sararin sama ta riƙe zafin rana, kamar yadda bargo yake riƙe ɗumin jiki. Taruwarta ce babban dalilin ɗumamar duniya, abin da manomi yake gani a rikicewar damina da tsananin bazara. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na wannan iska, lita ɗaya ta man gas kuwa kusan kilo 2.7. Wani zai ce, yaya litar da ba ta kai kilo ɗaya ba za ta haifi fiye da kilo biyu? Amsar ita ce, yayin ƙonewa sinadarin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, nauyin biyun ne yake fita tare.

A shekarar 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita iskar da take fitarwa da wadda take iya kawarwa. A shekarar kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Wannan magana ce ta manya, amma aikin yana farawa ne daga tankin janaretanku, domin duk litar da ba ku ƙona ba kuɗinta yana aljihunku, hayaƙinta kuma bai hau sama ba.

A fara da littafi da biro

Kada ku sayi komai tukuna. Ku samu littafi mai shafi 20, ku ja layi huɗu: rana, litar da aka zuba, lokacin da aka tayar, lokacin da aka kashe. Ku yi haka kwana 14 ba fashi. A auna man da galan ko gorar da kuka san yawanta. Kada a rubuta "man dubu biyar", domin farashi yana canzawa, lita kuwa ba ta canzawa.

Ga misali. Shago yana shan lita 4 a rana, yana buɗewa kwana 26 a wata. Lita 104 ke nan a wata, lita 1,248 a shekara. A ce lita naira 1,000 ce don sauƙin lissafi, kuɗin ya kama naira 1,248,000. Idan aka ninka litocin da 2.3, iskar da ta fita ta kai kilo 2,870, wato nauyin buhun siminti 57, daga shago guda.

Bayan haka ku duba bayan kowace na'ura. Akwai 'yar takarda da aka manna, an rubuta lamba da harafin W. Wannan shi ne wat, ma'aunin cin wutarta. Wat 1,000 idan ya yi aiki awa ɗaya, yunit ɗaya ke nan a mita. Ku rubuta sunan na'ura, wat ɗinta, da awannin da take aiki. A nan ne yawancin masu shago suke gano cewa abin da suke zargi ba shi ne ɓarawon ba.

Janareta

Kuskuren da ya fi yawa shi ne janareta ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi. Ku dubi shagon aski: injin aski bai wuce wat 15 ba, da fanka, da ƙwan fitila huɗu, da talabijin. Duka ba su kai wat 300 ba, amma an tayar musu da janareta mai wat 2,500. Injin yana juyawa da gudu ɗaya ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba, don haka yawancin man na tafiya ne wajen juya kansa da kansa. Janareta ya fi amfani da mai yadda ya kamata idan kayan da ke kansa sun kai rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Mai man gas ma ya fi jin jiki: idan ya daɗe yana aiki da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, man ba ya ƙonewa duka, sai ku ga baƙin ruwa mai danƙo yana ɗiga daga salansa. Maganin mafi sauƙi shi ne maƙwabta biyu ko uku su haɗu a kan janareta ɗaya, kowa da 'yar mitarsa don kada rabon kuɗin mai ya kawo husuma.

Kada kuma a matse lissafi ya yi daidai wa daida. Firiza da injin ruwa suna jan wuta ninki uku ko fiye a daƙiƙar da suke tashi, dole a bar musu sarari.

Sai soson iska. Ku buɗe murfin da ke gefen kafireta, za ku ga soso. A lokacin hunturu, mako ɗaya ya isa ya koma ja da ƙura. Idan ya toshe iska ba ta shiga sosai, sai mai ya fi iska yawa, inji ya riƙa baƙin hayaƙi yana shan mai kamar rariya. A ciro shi a wanke da ruwa da omo, a matse ba tare da murɗewa ba, a shanya ya bushe ƙayau, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa, sannan a mayar. A yi haka duk bayan awa 50 na aiki, da hunturu kuwa duk mako. Wasu idan soson ya dame su sai su cire shi su yar. Wannan babbar ɓarna ce, domin ƙurar tana shiga ta cinye ringi da fistin, nan da 'yan watanni inji ya fara shan baƙin mai yana shuɗin hayaƙi.

Fulogi kuma shi ne madubin inji. Ku kwance shi bayan ya huce ku dubi bakinsa. Idan ruwan ƙasa ne, lafiya lau. Idan baƙi ne mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa: ko soso ya toshe, ko an manta cok a rufe bayan inji ya tashi, ko kafireta na buƙatar bakanike. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan injuna milimita 0.7 zuwa 0.8 ce. Juyen baƙin mai kuwa, sabon inji bayan awa 20 na farko, daga nan kada a wuce awa 100. Ga amfanin littafin nan da kuka buɗe: shi zai gaya muku awannin sun cika.

Firiza

Ga mai sayar da lemo da ruwa da zoɓo, firiza ce uwar cin wuta. Firiza ba ta ƙirƙirar sanyi, zafin ciki take kwashewa ta zubar waje, ta ƙarafan bayanta ko ta jikin bangonta. Ku taɓa gefenta tana aiki za ku ji ɗumi. To idan aka manna ta da bango, ko aka jingina katan-katan a jikinta, ko aka ajiye ta inda ranar la'asar ke dukanta, zafin ba ya samun hanyar fita, kwamfureso ya yi ta aiki ba hutu. A bar tazarar aƙalla santimita 10 ta kowane gefe, wato faɗin tafin hannu, a kuma share ƙurar bayan da burushi mai laushi duk wata.

Ku gwada robar murfi da takardar kuɗi. Ku sa naira ɗari a bakin murfin ku rufe, ku ja. Idan ta fito salin-alin ba tare da turjiya ba, robar ta saki, sanyi na zurarewa dare da rana. A gwada kusurwa huɗu. Canza roba kuɗi kaɗan ne idan aka kwatanta da canza kwamfureso. Ƙanƙarar da ke taruwa a bangon ciki ma ba alamar ƙarfi ba ce. Idan kaurinta ya wuce rabin santimita, tana tare sanyi ne. A kashe a bar ta ta narke. Kada a sa wuƙa ko sukundireba, domin huda bututun gas sau ɗaya ya isa ya kashe firizar. Zoɓo da kunun da aka dafa kuma a bari su huce kafin a zuba.

Fitila, fanka da keken ɗinki

Tsohon ƙwai mai zare na wat 60 da ƙwan LED na wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Ƙwai goma na tsohon yayi a awa biyar sun ci yunit 3, na LED kuwa ba su kai rabin yunit ba. Fankar sama ta gargajiya tana cin wat 70 zuwa 75, sabuwar mai injin DC kuwa wajen 30. Dutsen guga yana cin wat 1,000 ko fiye, don haka tela ya tara gugarsa ya yi ta a zama ɗaya lokacin da aka kawo wuta.

Masu keken ɗinki na masana'anta su saurari injinsu. Tsohon moto mai kuloci yana gurnani tun daga kunnawa har kashewa, ko ana ɗinki ko ana yanka ko ana ciniki da kwastoma. Sabon moto mai suna servo ba ya juyawa sai an taka feda. A shagon da rabin yini ke tafiya a awo da yanka, wannan canji yana saurin biyan kuɗinsa.

Sola ta zo a ƙarshe

A 2018 hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta fara shirin kai wutar sola ga shagunan kasuwar Sabon Gari a Kano, mai shago yana biyan abin da ya sha maimakon tayar da nasa janareta. Wannan ya nuna cewa sola ta isa ta riƙe kasuwanci. Amma wanda ya sa sola kafin ya toshe ɓarna, zai sayi farantin sola da batir ninki biyu na abin da yake buƙata. Shi ya sa muka ajiye ta a ƙarshe.

Mu koma shagon askin nan bayan gyara, mu ninka wat na kowace na'ura da awanninta, kowane 1,000 yunit ɗaya ne. Ƙwai huɗu na wat 9 a awa 6 sun ci 216. Fanka biyu masu wat 30 a awa 8 sun ci 480. Injin aski biyu a awa 6 sun ci 180. Talabijin mai wat 40 a awa 6 ya ci 240. Jimla 1,116, yunit ɗaya da 'yan kai. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar ana lissafa wa faranti kimanin awa 5 na cikakkiyar rana. Faranti mai wat 400 zai ba da 2,000 a takarda, a cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya, saura 1,500. Faranti ɗaya ya isa.

Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da 2,400, amma rabi kawai ake sha, wato 1,200. Wanda yake shanye shi har inbata ta yi kuka kowane dare, batirinsa ba zai yi rabin kwanan da ya kamata ba. A duba ruwansa duk wata, a ƙara ruwan batir tsantsa, ban da na rijiya ko na leda. Batirin litiyom yana jure a sha kashi 80 cikin 100, sai dai ya fi tsada a sayen farko.

A kafa faranti yana fuskantar kudu, a karkace shi kimanin digiri 12 zuwa 15 don ruwa ya riƙa gangarewa. Inuwar reshe ɗaya ko ta tankin ruwa a kan kusurwa guda tana iya rage ƙarfin farantin gaba ɗaya. A wanke shi da sassafe kafin ya yi zafi, da ruwa da tsumma mai laushi, da hunturu sau biyu a mako. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama gajera mai kauri. Idan kuka taɓa ta kuka ji zafi, ta yi siriri, kuma gobara na iya tashi daga nan.

Mataccen batir kuma kada a fasa shi a tsakar gida ko a bar yara su yi wasa da shi. Dalma ce a ciki. Gubar dalmar da ta fito daga aikin haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, kuma dalmar batir ba ta da bambanci a jikin yaro. A mayar wa dillalin da yake karɓar tsoho a rage kuɗin sabo.

Aikin gida

1. Mai niƙa yana shan lita 6 na man gas a rana, kwana 26 a wata. Lita nawa ke nan a wata? Kilo nawa na kabon dayoksaid ya fitar?
2. Shago yana da tsofaffin ƙwai 6 na wat 60, ana kunna su awa 4. Idan aka canza su da na wat 9, wat nawa aka rage a dare ɗaya?
3. Ku kwance fulogin janaretanku ko na maƙwabci bayan ya huce, ku rubuta launin bakinsa. Ku zo da littafin awon manku na kwana 14 a zama na gaba, za mu yi lissafin kowa a kan allo.