Yadda za ka zaɓi wayin mai kumfa na biki a Legas ba tare da ka kwaso mai barasa ba

Yanzu da wuya ka je dina ko walima ta 'yan Arewa a Legas, ko Agege ne ko Idi-Araba ko Obalende, ba ka ga kwalbar nan mai dogon wuya da aka naɗe bakinta da takarda mai ƙyalli ba. Abin da ke damuna wallahi shi ne yawancinmu kyan kwalba muke saya, a ce wa yaro je ka kawo katan biyar na wayin, shi kuma ya ga wadda ta burge shi ya ɗauko, alhali a manyan shaguna kanta ɗaya ake jera mai barasa da marar barasa, kuma siffarsu ɗaya sak. To kafin maganar daɗi ko araha, fara sanin cewa kala uku ne.

Kalar farko giya ce tsantsa. Champagne da ake yi a yankin Champagne na Faransa, Prosecco na Italiya, Cava na Sifen, duk ruwan inabi ne da aka tsima shi da yis har ya zama barasa, yawanci kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne Asti, shi ma na Italiya ne, zaƙi gare shi sosai kuma barasarsa wajen kashi 7 ce, wanda bai sani ba sai ya sha ya ɗauka lemo ne. Sannan in ka ga an rubuta Brut ko Demi-sec a jiki, maganar yawan suga ake yi, Brut mai ƙarancin suga, Demi-sec mai zaƙi, ba ruwansu da ko akwai barasa ko babu. Abin da za ka nema shi ne lamba mai alamar % a gaba ko bayan kwalba. Ka ga 7% ko 12%, ajiye musu kayansu.

Kala ta biyu ita ce wadda aka fara yin ta giya tukuna, daga baya aka cire barasar da na'ura. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Carl Jung na Jamus tun a 1908 ya samu lasisin wannan fasahar. Wasu ana rubuta musu 0.0%, wasu kuma a rubuta bai kai 0.5% ba, ma'ana akwai ɗan ɓurɓushi. Malamai sun yi saɓani a kanta, wanda yake son ta ya tambayi malaminsa. Ni dai a taron da ka tara iyaye da surukai da malaman unguwa ban ga dalilin da zai sa ka ajiye musu abin da in sun ji asalinsa ransu zai ɓaci ba, ga shi ta fi tsada, ga ɗan tsami da ɗaci da bakin mutanenmu bai saba da shi ba. Kuma a kula, kamfanoni irin su Freixenet da J.C. Le Roux suna yin duka biyun, mai barasa da marar barasa, a ƙarƙashin suna ɗaya, don haka sanin suna kaɗai bai isa ba.

Kala ta uku ita ce tamu, ruwan inabi ko na tuffa da ba a taɓa tsima shi ba, gas kawai aka ɗura masa. Nan za ka samu su Eva na Sifen, Pure Heaven na Ingila, Chamdor da Appletiser na Afirka ta Kudu, Welch's na Amurka, da Veleta da ake yi a nan gida Najeriya. Amma su ma ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne kuɗinka ke tafiya a banza in ba ka duba ba. Juya kwalbar ka karanta jerin kayan haɗin, ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ruwan inabi ne a farko, ko aka ce 100%, to abin kirki ne. In kuwa ruwa ne a farko, sai suga, sai kala, sai ƙamshi, inabin yana can ƙarshen layi, to lemon kwalba ne aka sa wa babbar riga, kar ka yarda ka biya kuɗin na ƙwarai a kansa.

Ko na ƙwaran ma fa zaƙi gare shi, ruwan inabi yana da suga wajen giram 15 a kowane mililita 100, kwalba ɗaya ta haura giram 100 kenan. Teburin su Baba da Hajiya, musamman masu ciwon suga, a ajiye musu ruwa isasshe, kar a ce ai ba barasa sai a yi ta zuba musu. A wajen ɗanɗano ni na fi son farin inabi ko na tuffa in abincin mai maiƙo da yaji ne, jalof da soyayyar kaza ko tsire, don ɗan tsaminsa yana wanke baki. Jan ya fi nauyi da zaƙi, yara da 'yan mata ƙawayen amarya sun fi rububinsa.

Kafin ka sayi katan, sayi kwalba ɗai-ɗai na kala uku ko huɗu, a sanyaya, a zuba a kofuna ba tare da an nuna wa mutanen gida kwalbar ba, kowa ya faɗi wanda ya fi masa. Ka lura da kumfan bayan minti goma, mai kyau zai ci gaba da tasowa siriri siriri daga ƙasan kofi, na banza zai yi fuuu lokaci ɗaya ya mutu.

Lissafi kuma ba wuya, kwalbar mililita 750 tana ba da ƙaramin kofi shida, teburin mutum goma kwalba biyu ta ishe shi, baƙi 200 kwalba 40 kenan. Farashin sari yana Oke-Arin da Apongbon a cikin Eko, amma tambayi kwalba nawa ne a katan, wani shida ne wani sha biyu, sai ka raba ka ga nawa kowace kwalba ta tsaya maka. A buɗe katan a gabanka, duba lambar NAFDAC, duba ranar ƙarewar wa'adi, duba ko takardar bakin ta yage ko an sake manna ta, jabu ya yi yawa a gari, in farashi ya faɗi ƙasa fiye da kima to akwai magana. Wadda aka jera a rana ma ka bar ta. In kuma masu hol ko masu girki ne za su kawo abin sha, faɗa musu sunan wanda kake so ƙarara, ka sa wani ɗan'uwa ya duba kwalaben kafin a jera, su kowane irin biki suke yi wa aiki.

Ranar biki kar a dogara da wutar NEPA, a samu babban bokiti ko kula, rabi ƙanƙara rabi ruwa, minti 30 ya isa. Kar a sa a firiza a manta, kwalba tana fashewa. Wadda ta sha girgiza a gosulo a bar ta ta huta tukuna. In mai toshi da waya ce, ɗora babban yatsa a kan toshin kafin ka kwance wayar, karkata kwalbar, bakin ya kalli inda ba mutane, ka riƙe toshin gam ka juya kwalbar a hankali har ya fito da ɗan huci. Toshin nan in ya kufce yana iya fasa wa mutum ido, don haka masu girgizawa su fesa don bidiyo su matsa nesa da yara da leshin amarya. Wadda aka buɗe ta ragu a rufe ta a sa a firji, a shanye cikin kwana biyu.