Yadda ake zaɓar wa manhaja lasisi kafin a sake ta ga jama'a

Masu rubuta manhaja da dama suna zaton cewa da zarar sun ɗora aikinsu a GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji, kowa ya samu izinin ɗauka. Ba haka doka ta tanada ba: manhajar da ba a maƙala mata lasisi ba, haƙƙin mallakarta yana nan kacokan a hannun marubucinta.

Da farko, ka tabbatar aikin naka ne, domin idan a bakin aiki ka rubuta shi, sau da yawa yarjejeniyar ɗaukar ma'aikaci ta riga ta mallaka wa kamfanin.

Mataki na biyu shi ne mafi nauyi. Ka yanke shawara ko ka amince wani ya ɗauki tushen manhajarka, wato ainihin rubutun da ka gina ta da shi, ya gyara, ya sayar, ba tare da ya bayyana gyaran ba. Idan ka amince, lasisin MIT ya wadatar, tunda sharaɗinsa kawai a bar sanarwar haƙƙin mallaka da rubutun lasisin a cikin kowane kwafi. Lasisin Apache 2.0, wanda ya fito a 2004, ya ƙara da izinin amfani da haƙƙin ƙirƙira (patent), abin da ke kwantar wa kamfanoni hankali. Idan ba ka amince ba, sai ka koma ga lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya rubuta, kuma a kan bugunsa na biyu Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta, yake tafiya. GPL bai hana sayarwa ba, saɓanin yadda ake yawan faɗi. Ya dai wajabta wa mai rarraba manhajar ya bayar da tushenta a ƙarƙashin lasisin. Ga manhajar da ake amfani da ita ta intanet ba tare da an rarraba ta ba, wannan sharaɗi na GPL ba ya aiki, lasisin AGPL ne ya toshe wannan kafa.

Na uku, ka bincika lasisin duk abin da ka aro daga wasu, domin Apache 2.0 yana haɗuwa da bugu na uku na GPL, na 2007, amma ba ya haɗuwa da na biyu.

Daga nan sai ka kwafi rubutun lasisin yadda yake cikin fayil mai suna LICENSE, ka sa shekara da sunanka a inda lasisin ya tanada. A ganina wannan ya kamata a yi shi tun ranar farko, domin da zarar wasu sun fara bayar da gudummawa, sauya lasisi kan buƙaci yardar kowannensu.