Yadda ake fesa wa ƙarfen ƙugu garin ƙashi don jiki ya kama shi

Masu sikila da yawa a nan Arewa kan ƙashin cinyarsu yana mutuwa tun suna samari, ƙarshe sai an canza musu gaɓar ƙugu da ta ƙarfe, shi yasa nake ganin ya kamata mu san abin da ake sa mana a jiki. Ƙarfen yawanci titaniyom ne da aka gauraya da alminiyom kashi 6 da banadiyom kashi 4 cikin ɗari, jiki baya ƙin shi amma ƙashi yana daɗewa kafin ya riƙe shi gam. To sai aka samo dabarar lulluɓe shi da garin haidiroksiyafatayit, wato kalsiyam da fosfet irin wanda ke cikin ƙashinmu. Likita Ronald Furlong ya fara sa irin wannan a Ingila a 1985, wani samfurin ƙarfen mai suna Corail kuma ya fito a Faransa a 1986.

Da farko a wanke ƙarfen tas, ko ɗigon maiƙo kar a bari. Sai a harbe shi da tsakin alumina da iska mai ƙarfi har fuskarsa ta yi kaushi, kamar yadda mai faci yake kankare wurin huji kafin ya shafa gam, domin garin maƙalewa yake yi a cikin ramukan nan, in fuskar ta yi santsi ɓarewa zai yi. A sake wankewa, a rufe duk inda ba a son feshi ya taɓa musamman wuyan ƙarfen inda ƙwallon da ke maye gurbin kan ƙashin cinya zai zauna.

Nan ne aikin yake. Bindigar feshin tana tura iskar agon da ɗan haidirojin ta cikin tartsatsin lantarki, iskar ta zama filasma mai zafin da ya haura digiri 10,000, ana zuba garin a cikin harshen wutar yana narkewa yana fantsama kan ƙarfen yana daskarewa nan take, layi kan layi, hannun injin yana zagayawa saboda inda bakin bindigar baya gani feshi baya zuwa. Wuta tayi kaɗan garin bai narke ba, bazai kama ba. Wuta tayi yawa kuma sinadarin ya tarwatse ya koma wasu nau'o'in kalsiyam fosfet da ke saurin narkewa a jiki tun ƙashi bai gama kamawa ba, kaga an yi aikin banza kenan kuma mutum ne zai sha wahalar. Dan haka ƙarfin wutar da nisan bindigar da girman ƙwayar garin duk sai an daidaita su tare. Kauri ana barinsa tsakanin maikiron 50 zuwa 200 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), in yayi kauri da yawa tsagewa yake.

Daga nan sai gwaji, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 13779 ta ce sai mannewar ta jure ja na megafaskal 15 aƙalla (ma'aunin ƙarfin ja ne), sannan a rufe a leda a kashe ƙwayoyin cuta da hasken radiyeshin da ake kira gamma.

In kai ko naka za a yi wa aikin, ka tambayi likita ƙarfe mai siminti (gam ɗin da likita ke manne ƙarfen da ƙashi da shi) za a sa ko mara siminti, kuma meye dalili. Ƙarfe mai feshin nan, wato mara siminti, yana son ƙashi mai ƙwari da zai tsiro ya kama shi cikin makonni, tsoho mai ƙashi marar ƙwari kuwa sau da yawa siminti ya fi masa.