Yadda ake sabunta inshorar motar dattijon da ya daina tuƙi

Babu dokar da ta ce sai mai mota yana tuƙi da kansa kafin a yi wa motarsa inshora. Dattijon da ganinsa ya yi rauni ya ajiye makulli, da Hajiyar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, duk suna da ikon yi wa motarsu inshora da sunansu. Lasisin da ake dubawa na wanda ke tuƙin ne. Inda matsalar take shi ne, takardar inshorar tana nan da bayanan shekarun baya alhali komai ya sauya: mai tuƙin wani ne daban, lambar wayar da aka bayar ta mutu, wataƙila ma motar ta fara ɗaukar fasinja da yamma ba da sanin Baba ba. Ana biyan kuɗi duk shekara, ba mai cewa uffan, sai ranar da aka yi haɗari kamfani ya buɗe fayil ya ce abin da aka gaya masa ba shi ne abin da ke ƙasa ba. Lokacin sabuntawa shi ne lokacin gyara wannan, kuma ga yadda ake binsa a Najeriya.

Mataki na farko: motar tana fita ko tana ajiye?

Dokar inshorar ɓangare na uku (wato inshorar da ke biyan ɓarnar da mota ta yi wa wasu), wadda asalinta tun 1945 take, ta hana a hau titi da mota ko a bar wani ya hau da ita ba tare da inshora ba. A lura da wannan gaɓa ta biyu: ko da Baba yana kwance a ɗaki, idan shi ya ba jikansa makulli, laifin ya shafe shi. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025 kuma 'yan sanda suka tsaurara binciken wannan takarda a faɗin ƙasar, baya ga jami'an kiyaye haɗurra da na VIO masu duba lafiyar motoci, da irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna.

Motar da aka jingine a cikin gida, aka cire mata batir, ba ta taka titi ko sau ɗaya, doka ba ta tilasta a yi mata ba. Sai dai a gida da yawa "ajiyayyar mota" takan fita asibiti da tsakar dare, ko ranar Juma'a, ko ranar biki. Indai tana fita ko da sau ɗaya a wata ne, a sabunta. Idan kuma da gaske a ajiye take kuma mai tsada ce, a tambayi kamfanin ko yana ba da kariyar gobara da sata kaɗai, domin ta fi cikakkiyar inshora, wadda ke biyan har gyaran motar kanta, sauƙin kuɗi.

Mataki na biyu: tabbatar da takardar bara ta gaske ce

A fara wannan aiki saura mako uku ko huɗu wa'adi ya cika. A ɗauko takardar bara, a shiga shafin askniid.org na ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa, a saka lambar motar ko lambar takardar. Wanda ba shi da intanet yana iya danna *565*11# a wayarsa ya bi umarnin. Idan ta gaske ce za a ga sunan kamfanin, irin motar, da ranar ƙarewa.

Dattawa sun fi kowa faɗawa hannun masu takardar bogi, saboda ba su suke zuwa da kansu ba. Ana ba direba ko wani yaro kuɗi dunƙule a ce "je ka sabunta takardun mota", shi kuma ya miƙa wa ɗan kamasho a bakin ofishin lasisi, ya dawo da takardu a manne. Lasisin motar na iya zama na gaske, inshorar da ke ƙasansa kuwa bugun kwamfuta ce kawai. Alama mafi sauƙi ita ce farashi. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗin inshorar ɓangare na uku ta motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000. Duk wanda ya ce zai yi ta a dubu uku ko dubu biyar, takarda kawai zai sayar. Idan binciken ya nuna ta bara bogi ce, ba maganar sabuntawa kuma, sabuwa za a yanka, kuma kada motar ta fita sai an yanka.

Mataki na uku: daidaita suna da lambobi

A shimfiɗa takardu huɗu a wuri ɗaya: lasisin motar, takardar shaidar mallaka, takardar inshorar bara, da katin shaidar ɗan ƙasa na mai motar. A bi harafi-harafi. Idan wata ta ce Muhammadu, wata Mohammed, wata kuma an sa "Alhaji" a matsayin sunan farko, a sa kamfanin ya rubuta yadda yake a lasisin motar. Idan lasisin ne ya saɓa da katin shaida, sai an yi takardar rantsuwa a kotu an kai ofishin lasisi.

Lambar shasi kada a kwafe ta daga tsohuwar takarda. A je jikin motar a karanta: a yawancin motoci tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, haruffa da lambobi 17. Babu harafin O ko I ko Q a cikinta, don haka abin da ya yi kama da O sifili ne, abin da ya yi kama da I kuma ɗaya ne. Kuskuren mai bugawa a nan yakan bi takarda shekara da shekaru. Idan an sauya inji ko an sake wa motar fenti da wani launi, a faɗa a gyara.

Sai lambar waya. A sauya ta zuwa ta wanda ke kula da al'amuran dattijon, domin ta nan tunatarwa da takardar kanta za su zo. Tsohon layin da aka rufe shi ne dalilin da ya sa iyalai da yawa ba sa sanin wa'adi ya wuce.

Mataki na huɗu: wa ke tuƙa motar?

Nan ne ya kamata a daɗe. A jikin takardar inshora akwai wurin da aka rubuta waɗanda aka yarda su tuƙa. Yawanci yakan ce mai inshorar, da duk wanda ke tuƙi da umarninsa ko izininsa, muddin yana da lasisi mai aiki kuma ba a hana shi tuƙi ba. Wasu takardun cikakkiyar inshora kuwa sunaye suke lissafawa. Idan ta Baba irin ta biyun ce, kuma sunansa kaɗai ke ciki tun zamanin da yake tuƙi, to direban da ke kai shi asibiti ba ya cikin kariya sai an ƙara sunansa a rubuce.

A karɓi lasisin direban a hannu a duba, kada a tsaya ga "ina da shi, Alhaji". Lasisin tuƙi na shekara 3 ne ko 5, kuma direbobin gida da dama suna yawo da wanda ya mutu, ko da takardar wucin gadi da wa'adinta ya wuce. A duba rukuninsa kuma: na babur ba ya halatta tuƙin mota. A ɗauki hotonsa gaba da baya a ajiye, a rubuta ranar ƙarewarsa kusa da ranar ƙarewar inshorar.

Idan ana cike fom a intanet aka nemi lambar lasisin mai inshora, kada a saka tsohon lasisin Baba da ya mutu, kada kuma a saka na ɗansa a matsayin nasa don fom ɗin ya wuce. A kira kamfanin ko a je ofishinsu, a ce mai motar ba ya tuƙi, ga wanda ke tuƙawa. Ƙa'idar inshora ita ce mai neman kariya ya bayyana duk abin da zai iya shafar shawarar kamfanin, kuma bayanin ƙarya, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi, hujja ce ta ƙin biya.

Jikoki masu koyon mota su ne babbar kafar da ake bari a buɗe. Wanda bai kai shekara 18 ba ba shi da lasisi ko kaɗan. Wanda ya kai amma sabon hannu ne, cikakkiyar inshora takan ɗora ƙarin kason da mai mota zai biya daga aljihunsa idan shi ne ya yi haɗarin. Ya fi kyau makulli ya zauna wuri ɗaya, a hannun mutum ɗaya.

Aikin motar ma a faɗi gaskiyarsa. Takardar naira 15,000 ta motar gida ce: zirga-zirgar iyali, masallaci, asibiti, ziyara. Da zarar direba ya fara kabu-kabu da ita bayan ya sauke Baba, ko an ba wani ya yi haya da ita ta manhajar waya don a samu na cefane, ta fita daga sharaɗin. Idan iyali sun amince ta yi haya, a mayar da takardunta na haya, a biya kuɗin da ya dace.

Mataki na biyar: wa zai yi magana a madadin dattijon?

Kamfani da mai sunan yake hulɗa. Don yankan ƙaramar inshora ba kasafai ake tambaya ba, amma wajen sauya bayanai ko neman diyya za a tambayi ɗan ko 'yar da ta zo da wane iko take magana. A rubuta wasiƙar wakilci tun Baba yana da ƙarfinsa: sunan wakili, lambar mota, lambar takardar inshora, da abin da aka wakilta shi a kai. Baba ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa a gaban shaidu biyu idan hannun na rawa, a haɗa da kwafin katin shaidar su biyun. A kai wa kamfanin, a karɓi kwafi mai hatiminsu. Idan akwai wasu kadarori da ake kula masa da su, lauya ya rubuta cikakkiyar takardar wakilci.

Kada ɗa ya yanki inshora da sunan kansa a kan motar da takardunta ke ɗauke da sunan mahaifinsa don kawai ya huta da zirga-zirga. Ranar diyya za a nemi shaidar mallaka, sunaye kuma ba za su haɗu ba. Idan da gaske Baba ya bar masa motar, a yi takardar kyauta da shaidu, a yi canjin mallaka a ofishin lasisi, sannan a yanki sabuwar inshora da sabon suna. Wannan yana kuma rage rigima tsakanin magada nan gaba.

Dattijon da tunaninsa ya fara rikicewa ba a sa shi ya sa hannu a kan abin da bai fahimta ba, kuma ba a kwaikwayon sa hannunsa. A nemi lauya kan yadda kotu za ta naɗa mai kula da dukiyarsa.

Mataki na shida: zaɓi irin inshorar

Ta ɓangare na uku ɓarnar da motar ta yi wa wasu take biya: dukiya har zuwa naira miliyan 3 a motar gida, da kuma rauni ko rasa rai. Ba ta gyara motar Baba, ba ta biya idan an sace ta. Abin da iyalai ba su cika sani ba shi ne, shi kansa Baba da ke zaune a baya ba ɓangare na uku ba ne, tunda shi ne mai inshorar. Idan ya ji rauni wannan takarda ba za ta biya masa asibiti ba. Direban da ake biya albashi ma galibi ba ya ciki. Mai son kariya gare su sai ya nemi a ƙara inshorar haɗarin jiki, ya kuma tambayi iyakar shekarun da kamfanin ke karɓa, domin irin wannan kariya takan zo da iyakar shekaru.

Cikakkiyar inshora kuwa NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Motar naira miliyan 8 ke nan za a biya aƙalla naira 400,000 a shekara. Abin kula a nan shi ne darajar da aka rubuta. Farashin motoci ya tashi ƙwarai, da yawa kuma suna sabuntawa a kan tsohon farashi don kuɗin ya yi sauƙi. Idan motar miliyan 8 aka rubuta ta miliyan 4, aka sace ta, miliyan 4 ce iyakar abin da za a samu. Idan kuma gyaran miliyan 1 ne ya taso, kuma takardar na da sharaɗin raba asara daidai da abin da aka rubuta, rabi za a biya. A je wajen dillalan mota biyu a ji farashin yau kafin a cika fom. A tambaya ko ambaliya da tarzoma suna ciki, domin sau da yawa sai an ƙara su daban, a kuma nemi rangwamen da ake yi wa wanda bai karɓi diyya ba a shekarar da ta wuce. Kamfanin zai iya neman hotunan motar ta kowane gefe ko ya turo mai dubawa, tsohuwar mota sosai kuma yana iya ƙin yi mata cikakkiya.

Dattijon da zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci. Noor Takaful da Jaiz Takaful da Salam Takaful duk suna da lasisin NAICOM, kuma takardarsu karɓaɓɓiya ce a kan titi kamar kowace.

Mataki na bakwai: biya, da abin da ke biyo baya

A biya cikin asusun kamfanin, ko ta shafinsa, ko ta hannun dillalin inshora mai rajista, ba asusun wani mutum ba. Ba dole ne kuɗin ya fito daga asusun Baba ba; ɗa na iya biya, sunan da ke takardar ne abin dubawa. Ƙa'idar da NAICOM ta tsaurara tun 2013 ita ce babu kariya sai an biya. Babu wasu kwanakin alfarma bayan wa'adi: takardar da ta ƙare ranar Litinin, haɗarin safiyar Talata ba ya cikinta.

Bayan kwana ɗaya ko biyu a sake duba lambar motar a askniid.org. Idan sabuwar ranar ƙarewa ba ta fito ba, a koma wa kamfanin da rasit. A buga kwafi biyu, ɗaya a mota, ɗaya a gida, a tura hotonta wayar direba da ta wakili. A gaya wa direba ƙarara cewa idan aka yi haɗari ya ɗauki hotuna, ya karɓi lambar ɗaya motar, ya kira wakili nan take, kada ya sasanta ko ya yi alkawarin biya a bakin titi, domin amsa laifi ba da sanin kamfani ba yana iya ɓata diyyar. Kamfanin da ya ƙi gyara bayani ko ya ƙi biya ba da hujja ba, a rubuta masa koke a karɓi shaidar karɓa. Idan bai amsa ba, a kai ƙara sashen korafe-korafe na NAICOM tare da kwafin duk takardun.

Idan Allah ya yi wa mai motar rasuwa, wasiƙar wakilci ta faɗi daga ranar. A sanar da kamfanin a rubuce tare da takardar shaidar rasuwa, a nemi su faɗi matsayin kariyar a rubuce kafin motar ta ci gaba da fita, kuma kada a sake sabuntawa da sunan mamaci. Bayan rabon gado, wanda motar ta faɗa hannunsa ya kai takardar kotu ofishin lasisi a mayar da ita sunansa, sannan ya yanki tasa inshorar.