Babi na 6: Idan Na'ura Ta Nuna Matsalar Koyil

Darasi na 1: Karanta lambar

Mota tana rawa, tana misin, fitilar injin mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Kada ka kwance komai tukuna. Leƙa ƙarƙashin sitiyari, za ka ga soket mai ramuka 16. Nan ake cusa na'urar bincike. Murɗa makulli har fitilu su kama, amma kada ka tayar da injin.

Lamba za ta fito, misali P0352. Harafi ɗaya, alƙaluma huɗu. Ɗauki biro ka rubuta ta a takarda kafin ka danna komai. Ɗora yatsa a kan kowanne, ka faɗa da baki: P, sifili, uku, biyar, biyu. Idan karatun na ba ka wuya, ba komai ɗan'uwa, bi a sannu.

P035 na nufin matsalar tana hanyar wutar koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta. Alƙalamin ƙarshe ke faɗin wanne ne. A motar da kowace silinda ke da nata koyil, 1 na silinda ta farko ne, 2 na ta biyu.

Akwai kuma P0302. Sun yi kama, amma ita cewa take silinda ta biyu na misin kawai, wataƙila fulogi ne ko nozul mai fesa fetur. Sifili da biyar ne suka raba su. Shi ya sa na ce ka rubuta.

Ka rubuta? Sake gwada takardar da fuskar na'ura. Wasunku sai su ce "na riƙe a ka", su danna gogewa, can an jima su dawo suna tambayata biyu ce ko uku. Haba! Ni na gani? Rubuta tukuna, sannan ka goge.

Darasi na 2: Musanya

Kashe mota, zare makulli, domin wutar koyil ta kai dubban bolt. Cire soket ɗin koyil, kwance noti, ka musanya koyil na 2 da na 3. Goge lambar da ka riga ka rubuta daga na'ura, ka tayar, ka ɗan zaga. Rubuta sabuwar a ƙarƙashin tsohuwar. In ta koma P0353, koyil ɗin ne ya mutu. In tana nan P0352, a bi waya.

Darasi na 3: Soket da waya

Duba tsatsa, ƙuna, ko wayar da ta tsinke. Leƙa ramin fulogi ko mai ya taru.

Darasi na 4

In fitilar injin na ƙiftawa, a ajiye motar sai an gyara.